Na Rubuta Shafi Uku, An Ce Ban Faɗa Ba

Gwaggo, ki agaza mini da shawara, don na kai inda ban san wanda zan gaya wa ba. Na daɗe ban yi doguwar magana da kowa ba, saboda haka idan kika ga ina ta zuba, ki daure ki karanta har ƙarshe. Kar ki buga sunana, kar ki buga na kamfanin. Ba wai tsoro ne ya yi mini yawa ba, takardar zamana a ƙasar nan a hannunsu take, wanda ke cikin rijiya kuwa ba ya zagin mai riƙe da igiya.

Ni ma'aikacin kwamfuta ne a wani kamfanin jigilar kaya, a ƙasar da ba tawa ba. Bana shekarata shida ke nan. Ginin hawa huɗu ne, ni kuma ina can ƙarƙashin ƙasa, a ɗakin da aka jera manyan injunan da ke riƙe da bayanan kamfanin. Ɗakin ba taga. Na'urar sanyi ba ta hutawa don kar injunan su yi zafi, sai ki ga ana ƙuna a waje ni ina cikin rigar sanyi da safa biyu. Akwai wani gurnani da injunan suke yi wanda ya zauna mini a kunne, ko ranar hutu ina kwance a ɗakina ina jin sa. Matata da 'ya'yana uku suna gida. Sau ɗaya nake zuwa a shekara, sati uku, in dawo.

Abin da zai ba ki dariya shi ne, a gidanmu ni ne mai surutu. Mahaifiyata, Allah ya ji ƙanta, Aku take ce mini. Idan yayyena suka saɓa, ni ake turawa in yi ta kai kawo har a shirya. Kafin in fito, shekara huɗu na yi ina koyar da malaman makaranta kwamfuta, dattawa masu furfura da ke tsoron taɓa linzamin kwamfuta kamar zai cije su, kuma ba wanda ya bar ajina bai iya ba. A nan kuwa sunana Malam Shiru. Haka suke kira na da yarensu, har a gabana, ba da mugunta ba.

Zan faɗi gaskiya ko da a kaina za ta faɗo, ni na fara ba su ƙofa. Shekarar da na zo, yaren ƙasar bai zauna mini a baki ba. A wani taro na tashi zan yi bayani, kalma ta maƙale, na yi ta lalube, aka ɗan yi dariya. Sai wani bawan Allah ya ce a ƙyale ni, ai mutanen kwamfuta haka suke, sun fi jin daɗin injuna a kan mutane. Yana faɗa ne don ya cece ni. Wallahi Gwaggo wani sanyi na ji a raina. Na samu inuwa na shige. Daga ranar, duk taron da ba na so sai in ce injuna na buƙatata, kowa ya gyaɗa kai. Yanzu na iya yaren kamar me, har mafarki nake yi da shi, amma inuwar da na shiga ta zama ɗaki, an ja ƙofa.

Daga baya aka kawo doka cewa duk mai matsalar kwamfuta kar ya sauko, ya cike fom a cikin na'urarsa, ya faɗi abin da ke damun sa, fom ɗin ya iso ni. Ni ma ba sai na hau ba, daga kujerata nake shiga kwamfutar mutum in gyara. Sau da yawa ma ina hango matsalar kafin mai ita ya gani, in gyara ta bai sani ba. Abin da nake rubutawa a ƙarshen fom kalma biyu ce: an gyara. Akwai mutane a hawa na uku da na yi shekara huɗu ina yi wa aiki, na san kalar hoton da suka sa a allonsu, na san mai yawan manta kalmar sirri duk bayan hutu, amma in muka haɗu a bakin ƙofa ba su san ni ne ba. Iya ƙwarewar da ka yi a wannan aikin, iya ɓacewar da za ka yi.

Sai kuma barkwanci. Mai kula da sito, wani mai faɗin baki, kullum ya gan ni sai ya ce yau mutum nawa na yi wa magana, ban da firinta. Ya ce ranar da ya ji dariyata zai yi sadaka. An taɓa ba ni kyautar kofin shayi da hoton wani mutum ya ɓuya bayan allon kwamfuta, idanu kawai a waje. Na karɓa na yi godiya, da shi nake shan shayi har yau. In na yi fushi a ce ga shi nan, ba su iya wasa da mutane ba. In na yi dariya na sa hannu ke nan. Ta ina zan fita?

Shekara biyu da suka wuce manaja ya ɗauko wata mata ya ce ita ce za ta riƙa shiga tsakanina da sauran ma'aikata. Ni a raina Jakadiya nake ce mata. Ina rubuta mata abin da ake ciki, ita ta hau sama ta faɗa a taro da murya mai daɗi, a tafa mata. Ba zan zalunce ta ba, ba ta taɓa cewa aikinta ne ba, takan ce ni na yi. Amma kunne muryar da ya ji yake riƙewa. Kuma mutuniyar kirki ce. Lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ni kwana biyar, ita kaɗai ta lura ba na nan, ta aiko mijinta da magani har ƙofar ɗakina.

To ga abin da ya faru watan jiya, shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. An sauya manhajar da ke tsara wa direbobi inda za su kai kaya. Da nake gwadawa na gano akwai adireshin abokan ciniki wajen ɗari huɗu da aka rubuta da tsohon tsari, sabuwar manhajar ba za ta karanta su ba. Dole mutanen sashen jadawali su bi su ɗaya bayan ɗaya da hannu kafin ranar Litinin da za a kunna. Ni ba zan iya yi musu ba, su suka san wane ne wane. Jakadiya ba ta nan, mahaifiyarta na asibiti. Sai na zauna na rubuta bayani shafi uku, da hotuna, da lambobi, na faro tun daga yadda aka gina tsohuwar manhajar don kowa ya fahimci tushen abin. Na sa masa alamar gaggawa, na tura ta cikin fom kamar yadda dokarsu ta ce, saura kwana tara. Na ga alamar an buɗe shi a sashen jadawali, na ga an buɗe a ofishin manaja. Hankalina ya kwanta.

A cikin kwana taran nan sau biyu muna haɗuwa da manaja a lifta, mu biyu kaɗai. Ya ce Malam Shiru, ƙasa lafiya? Na ce lafiya lau. Don a wurina an gama magana, na rubuta, an buɗe, yana nan a ajiye da kwanan wata da lokaci. A aikinmu abin da ba a rubuta ba bai faru ba, abin da aka rubuta kuwa an faɗa.

Ranar Litinin motoci ashirin da uku suka yi cirko-cirko a harabar kamfani, an loda kaya, direbobi ba su san inda za su nufa ba. Wayoyi suka ɗau ruri. Na bar komai, na hau sama na zauna da mutanen jadawali muna bin adireshin nan, kafin azahar motar ƙarshe ta fita. Washegari aka kira taro. Na buga shafi ukun nan na ajiye a tsakiyar tebur, na nuna musu kwanan wata, na nuna musu alamar an buɗe. Manaja ya ɗauka ya juya, ya juya, ya tambaye ni ina gargaɗin yake. Na nuna masa, shafi na biyu, sakin layi na huɗu. Ya ajiye ya ce ba wanda ya ce na yi ƙarya, amma ai na gan shi a lifta. Shi ke nan abin da ya faɗa. Wanda ya buɗe saƙon a sashen jadawali ya rufe bai karanta ba, ba a ce masa ci kanka ba. Abin da aka rubuta a rahoton taron shi ne an samu giɓin isar da saƙo saboda Jakadiya ba ta nan. Wato an tabbatar, in ba a ba ni baki aro ba, ni ba ni da shi.

Wannan ne ya fi ci mini rai, Gwaggo. Na bi dokar da suka kafa da hannunsu. Su suka ce kar a sauko, kar a hau, a rubuta. Na rubuta. Da a ce mai faɗin bakin nan na sito ne ya tura saƙon, da an ce laifin wanda bai karanta ba ne. Amma da yake ni ne, an riga an ɗinka rigar, jira kawai ake a sa mini. Duk da haka, in na kwanta ina juya abin, wannan kalma ta lifta ba ta bari na. Me ya hana ni buɗe baki? Hawa huɗu muka yi tare, ni da shi.

Yanzu kamfanin ya buɗe sabon gurbi, mai horar da ma'aikata, wanda zai riƙa zagaya rassa yana koya wa mutane sabuwar manhajar. Aikin da na yi shekara huɗu ina yi a gida ke nan, kuma ba wanda ya san cikin manhajar nan kamar ni. Abin da ya fi wannan, matakin gurbin ya kai wanda dokar ƙasar nan ke bari mutum ya kawo iyalinsa. A matakin da nake yanzu ba a bari. Shekara shida nake jiran irin wannan ƙofar. Na je na sami manaja na ce ina so. Ya yi murmushi ya dafa kafaɗata, ya ce wannan aikin na mai son jama'a ne, zai wahalar da ni, ni kuwa dukiya ce a can ƙasa, ba su da kamar ni. Da zagi na ya yi da na san abin da zan ce. Saura kwana goma a rufe karɓar takardu. Kuma mai sito ya gaya mini Jakadiya ma tana so. In na nema, da matar da ta aiko mini da magani zan yi takara, kuma ita kowa ya san muryarta.

Barin kamfanin ba zai yiwu ba. An gaya mini in na ajiye aiki takardar zama ta faɗi, sai dai in tattara in koma, in koma kuma in ce na dawo da me bayan shekara shida? Zama a haka kuma, autata da na bari tana rarrafe yanzu tana aji ɗaya, in na je gida kwana biyun farko ɓuya take yi bayan uwarta.

Ga na ƙarshe, wanda ban taɓa gaya wa kowa ba. Ina tsoron abin da suke faɗa ya zama gaskiya. Kwanaki matata ta kira tana gaya mini 'yarmu ta tsakiya ta fara ƙin zuwa makaranta, kullum da kuka. Sai na ji bakina yana tambayar ta: tun yaushe ya fara, me aka sauya kafin nan, an gwada canza mata wurin zama? Sai ta ce, Baban yara, ni fa ba fom na cike ba. Da muna awa guda a waya, har katin ya ƙare muna dariya. Yanzu minti huɗu, biyar, kowa lafiya, lafiya, a gaida yara. Ranar na duba na ga tun safe har na tashi aiki kalmar da ta fita bakina ba ta kai ashirin ba, rabinsu gaisuwa ce da mai gadi.

In nema ne, in sha kunya a gaban wanda ya riga ya ce mini a'a, in kuma ɓata da mutum ɗaya da ta damu da ni a ginin nan? Ko in haƙura in karɓi sunan da aka ba ni? Ni dai na gaji, Gwaggo. Ki faɗa mini gaskiya, na fi son ta ko da ɗaci.

Naki,
Mai rigar sanyi a bazara

*

Ɗana mai rigar sanyi,

Na karanta har ƙarshe, sau biyu ma. Wanda ya iya zayyana damuwarsa haka, har ya ba abokan faɗansa haƙƙinsu a ciki, ba a ce masa bai iya magana ba. Wannan ka cire shi daga ranka. Amma ka ce in faɗa maka gaskiya, to gyara zama.

An zalunce ka, wannan babu ja. Mutane suna son a ba su mutum a dunƙule, su liƙa masa suna ɗaya su huta da tunani: likita ba ya jin tausayi, direba ba ya haƙuri, mai kwamfuta ba ya magana. Da zarar sun liƙa, duk abin da ka yi sai su karanta shi ta cikin sunan. Wanda ya buɗe saƙon gaggawa ya rufe bai karanta ba yana da laifi babba, kuma bai kamata a tashi taron nan ba a faɗa masa ba. Manajan da ya kafa dokar a rubuta, sannan ya buɗe bai karanta ba, shi ma da nasa.

Sai dai maganar da ya yi ta lifta, ɗana, gaskiya ya faɗa, kai ma ka sani, shi ya sa take hana ka sukuni. Rubutu shaida ne, yana wanke ka ranar shari'a. Amma ba wanke kanka aka ɗauke ka yi ba, so ake motoci su fita. Idan ka hango wuta a rufin maƙwabci, ba wasiƙa kake turawa ta ƙarƙashin ƙofa ba, balle ka faro ta da tarihin yadda aka gina gidan. Gargaɗin da ya kamata ya zama layin farko ka kai shi shafi na biyu. Ka rubuta don a fahimci komai, su kuwa abu ɗaya suke buƙata: ku gyara adireshi ɗari huɗu kafin Litinin, in ba haka ba motoci ba za su tashi ba. Numfashi ɗaya ne wannan, bai kai hawa ɗaya a lifta ba. Ba halittarka ce ta hana ka ba. Sabo ne na shekara shida a ɗakin da ba kowa, kuma abin da sabo ya kawo, sabo ke kore shi.

Game da gurbin, ka nema. Dafa kafaɗa ba amsa ba ce, ra'ayin mutum ne wanda bai taɓa ganin ka a gaban aji ba. Ina tambayar ka, a cikin shekara shidan nan ka taɓa gaya masa ka koyar da malamai shekara huɗu? Ban ga inda ka ce ka faɗa ba. To da me zai auna ka, ban da abin da ka nuna masa?

Amma kafin ka kai takarda, fara da wadda kake kira Jakadiya, kuma gobe, ba jibi ba. Duk abin da ka sani game da niyyarta daga bakin mai sito ka ji, mutumin da kai da kanka ka ce bakinsa da faɗi. Matar da uwarta ke kwance a asibiti, ba lallai ne tana marmarin aikin yawon rassa ba. Ka je da ƙafarka, ka fara tambayar ta jikin mahaifiyarta, sannan ka gaya mata kana neman gurbin da dalilinka, har maganar iyalinka. In ba ta so, ka samu mai goya maka baya da ba kamar ta. In tana so, ku nema ku biyu a fili, Allah ya ba mai rabo. Neman abu ɗaya ba cin amana ba ne. Abin da zai ɓata ku shi ne ta ji a bakin wani.

Daga nan ka koma wa manaja. Kar ka ɗauki shafi ukun nan, ka bar su a aljihun tebur, sun gama aikinsu. Ka fara da cewa ya yi gaskiya, ya kamata ka faɗa masa da baki. Wannan ba zai rage ka da komai ba, zai ma sa ya saurari abin da ke biye. Kar ka tsaya gardamar ko kana son jama'a ko ba ka so, ba a cin irin wannan gardama da baki. Ka roƙe shi abu ɗaya ƙarami da zai yi masa wuyar hanawa: ya ba ka rabin awa da mutum biyar daga sashen jadawali ka koya musu sabuwar manhajar, shi kuma ya zauna a baya ya kalla. Ka ma riga ka yi rabin wannan ranar Litinin ɗin nan, da ka hau ka zauna da su har motoci suka fita. Ka tuna masa.

A kwanakin da suka rage, kullum ka zaɓi fom biyu ko uku ka hau ka gyara a teburin masu su, ko da za ka iya daga kujerarka. Ka ce ni ne wane, ni nake gyara miki tun shekara huɗu. Ka nuna wa mutum abin da ya lalace da yadda zai kauce masa. Za ka ji nauyin baki ranar farko. Ka yi duk da haka. Shi kuma mai sito, in ya sake tambayar ka mutum nawa ka yi wa magana, ka rama, ai kai ma ka san kan tsiya. Mai tsokana ya fi girmama wanda ke mayar masa.

Maganar takardar zama, na lura ka ce an gaya maka. Wa ya gaya maka? Ban san dokar inda kake ba, ba kuma zan yi maka ƙarya in ce na sani. Ka nemi wanda aikinsa ke nan, lauya ko ofishin da ke ba baƙi shawara, ka tambaya ko ana iya sauya wurin aiki ba tare da takardar ta faɗi ba, da kuma sharuɗan. Wataƙila abin da aka gaya maka haka yake. Wataƙila kuma akwai hanya. Ko yaya ne, gara ka san iyakar ɗaurin da aka yi maka da ka zauna kana ƙiyasi.

Ba zan yi maka alƙawarin za ka samu gurbin ba. Kwana goma kaɗan ne a kan shekara shida, kuma akwai shugabannin da in sun ajiye mutum a wuri, sun fi son ya zauna nan don ya fi musu sauƙi. In aka hana ka bayan an gan ka a gaban aji, ka san matsalar ba bakinka ba ce, sai ka fara shirin wani wurin da hankali kwance, da shaidar da za ka nuna. In ba ka nema ba kuwa, kai ka yanke wa kanka hukunci, ka hutar da su.

Uwar 'ya'yanka ita ce ba ta jiran kwana goma. Abin da ta faɗa maka ba gori ba ne, kewa ce. Ta san makarantar, ta san malaman, ta fi ka sanin abin da za a gwada. Abin da ba ta da shi, wanda za ta sauke wa nauyin a kunne. Ka kira ta ranar hutunka da rana tsaka, lokacin da ba ka gaji ba, ka ce ta ba ka labarin yarinyar daga farko, kuma ka riƙe duk wata shawara a bakinka sai ta nema. Bayan nan ka gaya mata abin da ka gaya mini, duka, har da tsoron da ka ce ba ka taɓa faɗa wa kowa ba. Bai dace ni baƙuwa in riga ta ji ba. Mai yiwuwa ta yi kuka, mai yiwuwa ta yi maka faɗan me ya sa ka ɓoye. Ka bar ta ta yi, kar ka gyara komai.

Allah ya sassauta maka, ya ba mahaifiyar abokiyar aikinka lafiya, ya zaɓa maka abin da ya fi alheri a gurbin nan, ya kuma haɗa ka da iyalinka a ƙarƙashin rufi ɗaya ba da jimawa ba.

Gwaggonku